Amon Haske da Awon Laima: Darasi ga Rumbunan Shinkafa na Kwarin Rima



Duk wanda ya san fadamun Argungu da Birnin Kebbi ya san cewa wahalar shinkafa ba ta ƙarewa da girbi. Ana yanke shanshera da ruwa a jikinta, wajen kashi 20 zuwa 25 bisa 100. Sai an shanya ta ta sauko kusan kashi 14 kafin a zuba ta rumbu. In laimar iskar rumbun ta haura kashi 70, fumfuna ta samu wurin zama, wahalar shekara ta tafi a banza. Tun daga 2015, da aka ƙaddamar da shirin ba manoma rance a Birnin Kebbi, da kuma 2017, da aka buɗe babbar masana'antar casa a Argungu, abin da ake ajiyewa ya fi ƙarfin a gwada shi da haƙori kawai.

To, ina hasken ya shigo? Tsakanin igiyoyin rediyo da hasken da ido ke gani akwai wani zango da masana ke kira terahaz. Igiyar terahaz ɗaya tana kaɗawa sau tiriliyan ɗaya a daƙiƙa, tsawonta kuwa milimita 0.3 ne. Tururin ruwa yana shanye wannan haske ƙwarai, musamman a gigahaz 557 da 752 da 988. Dalili ke nan da ya sa ba ya tafiya nesa cikin iska. Amma abin da ya zama cikas ga mai aika saƙo shi ne ribar mai awo.

Ku dubi kalangu. Da hunturu fatarsa tana ɗamewa, muryarsa ta yi sama. Da damina ta sha laima ta saki, muryar ta yi ƙasa, ta dushe. Makaɗi yana gane yanayi da kunnensa. Haka wannan na'ura take. Ana ƙera ɗan mitsitsin zobe ko faifai na silikon, a tsare haske a cikinsa yana kewayawa, har ya yi amo a wani mataki sananne. Da zarar iska mai laima ta taɓa shi, amon zai gusa daga matakinsa, ƙarfinsa ya ragu. Gwargwadon gusawar, gwargwadon ruwan. Da yake hasken yana zagawa sau da yawa, ko ɗan tururi kaɗan ba ya ɓuya.

Kada mu ruɗi kanmu: galibin waɗannan na'urori suna ɗakunan bincike tukuna, kuma da tsada. Ma'aunin laima na lantarki ya isa mai kula da sito a yau, in dai zai riƙa dubawa yana rubutawa. Ku ɗaliban Aliero da Birnin Kebbi kuwa, naku ne ku fahimci ilmin tun yanzu, don ranar da kayan suka yi araha su tarar da masu hannu a gida. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe.

Allah ya sa mu dace.