Wace Tukunya Ce Ta Fi Dafa Waƙa?

A teburin mai shayin unguwarmu gardamar ta tashi. Wani saurayi ya ƙure wayarsa da waƙar Hamisu Breaker, sai dattijon da ke gefensa ya aje kofi ya ce, "Kai yaro, kashe mana kukan fankar nan." Yaron ya rage sauti cikin ladabi, amma bakinsa bai mutu ba: "Baba, ai zamani riga ne." Dattijo ya ce shi a wurinsa waƙa ta mutu tun ran da aka binne Shata a 1999. Wani magidanci mai ɗan furfura ya tsoma baki, wai ku duka kun ɓata hanya, ba a taɓa yin waƙa irin ta lokacin fim ɗin Sangaya ba. Har shayin kowa ya huce ba a raba gardamar ba.

Turawa ma suna wannan musu, sai dai su sun yanka zamani goma-goma kamar mai awo da mudu: shekarun 1960 na 'yan Beatles na Ingila, na 1970 na Bob Marley, na 1980 na Michael Jackson. To mu mudun nan ba zai auna mana komai ba. A wane buhu za ka zuba Shata, mutumin da ya shafe sama da shekara hamsin kalangu na tashi a bayansa? Ni da tukunya nake auna waƙa. Tuwo siffar marar da aka kwashe shi da ita yake ɗauka, waƙar kowane zamani kuma siffar na'urar da aka zuba ta a ciki.

Ɗauki garmaho. Wanda ya fara kiran bakin farantin nan da sunan faifai ya iya kallo, don kuwa saƙarsa ɗaya da faifan rufe ƙwarya: layi guda ne ya nannaɗe yana zagaye har cibiya. A cikin layin akwai 'yan lanƙwashe-lanƙwashe da ido ba ya gani, allura na bi ta ciki kamar garma a kunya, tana karkarwa, karkarwar nan ita ce muryar da kake ji. Da hannu ake wana shi. In wanin ya kusa ƙarewa sai ka ji mawaƙi ya fara jan murya kamar jakin da ya kwaso yashi tun safe. Ga shi da saurin fashewa kamar kasko. Babban aibinsa dai ƙanƙantar ciki, don fuska ɗaya ba ta wuce minti uku da 'yan kai. Ka ce wa makaɗin fada, wanda ya saba kwana yana jero asalin sarki tun daga kakan kaka, ya gama cikin minti uku, ai ka ce ya juye rijiya a ludayi ne. A Turai da Amurka sai mawaƙa suka dinga ɗinka waƙa daidai wuyan faifan, har ta zama al'ada. An fito da babban faifai mai cin kusan minti ashirin a fuska tun 1948, amma har gobe yawancin waƙoƙinsu ba sa nisa da minti ukun nan, kamar akuyar da aka kwance wa igiya ta ci gaba da kewaya turke.

Sai kaset ya zo, kuma a nan zan ɗan zauna. Kamfanin Philips ne ya fito da shi a 1963, ya ɗauki 'yan shekaru kafin ya cika kasuwanninmu. Siririn zaren nan mai ruwan ƙasa, garin ƙarfe aka shafe shi da shi, kusan ka ce tsatsa ce aka niƙa lukui. Maganaɗisun da ke cikin rikoda shi ke jera garin daidai da hawa da saukar murya. Wato allo ne: a rubuta, a wanke, a sake rubutawa. Shi ya sa yaro zai ɗauki kaset ɗin da babansa ya fi ji da shi ya naɗi muryarsa a kai, ya sha duka da yamma.

Abin da kaset ya yi mana, ya faɗaɗa tukunya kuma ya karya mata farashi. Awa guda, ko awa da rabi, a abin da zai shige aljihu. Mawaƙi ya samu fili ya miƙe ƙafa. Ba sai an je Legas an yi layi a kamfanin faifai ba. Mai rikoda ya aje ta a gaban makaɗa a gidan biki ko filin dambe, ya danna maɓalli biyu, shi ke nan. Saboda haka ne in kana sauraron Ɗan Anace yana wasa Shago za ka ji filin gaba ɗaya ya shigo ɗakinka, da ihun 'yan kallo da maroƙi yana sanar da kyauta. Bakandamiyar Shata ma ba guda ɗaya ba ce a kaset, kowane zama da yadda ta fito, kamar miyar gida da ba ta taɓa yin ɗanɗano iri ɗaya kwana biyu a jere.

Ba na ɓoye wahalarsa. Rikoda ta tauna zare ka zauna kana lallaɓa shi da tsinke, ka liƙe da jan farce. A zura biro a rami ana juyawa don kada batir ya ƙare a banza. In aka kwafa daga kwafe, aka sake kwafa daga wannan, murya sai ta yi ta salancewa kamar kunun da ake ƙara wa ruwa saboda baƙi. Duk da haka direban babbar mota da mai shago da amarya a ɗakinta kowa ya mallaki mawaƙinsa, ba sai ya jira Rediyon Kaduna ta ga dama ba.

A ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya karɓe fage tare da finafinan Hausa. Akwatin Yamaha ne mai farare da baƙaƙen haƙora, an cusa masa muryoyin kayan kiɗa iri-iri kamar tiren ɗan koli: ga ganga, ga sarewa, ga goge, sai wanda ka taɓa. Yaro ɗaya a ɗaki ya tsaya a madadin makaɗa goma. Abin da injin niƙa ya yi wa lugude ke nan. Gari ya fi laushi, an huta da ciwon kafaɗa, amma matan gida sun daina haɗuwa a bakin turmi suna jefa taɓarya sama suna tafi. Situdiyo kuma ta zo da dabarar dafa kowane abu a tukunyarsa. Da, mawaƙi da 'yan amshi da makaɗa duk a tukunya ɗaya suke kamar dafa-duka, in gishirin mutum ɗaya ya yi yawa kowa ya sha. Yanzu a ɗauki kiɗa yau, namiji ya zo gobe ya ɗora, mace ta zo jibi ta amsa masa, a haɗa su a faranti su yi ta soyayya alhali ko gaisawa ba su yi ba.

Kukan fankar da Baba ya ce kuwa, sunansa Auto-Tune, kuma labarinsa da ban dariya. Wanda ya ƙirƙiro shi, Andy Hildebrand, a harkar neman man fetur ya fara aiki. Su can sukan aika ƙara cikin ƙasa su saurari yadda za ta dawo, kamar yadda uwargida ke ƙwanƙwasa tulu a kasuwa ta ji ko da tsaga. Irin wannan lissafi ya juyo da shi kan muryar ɗan Adam, ya fito da manhajarsa a 1997. Aikinta na mai jaki ne: murya ta ɗan kauce hagu, a taɓa ta da sanda ta dawo hanya, ta kauce dama, a sake taɓawa. In an yi a hankali ba mai ganewa. In aka matsa sandar, murya ba ta samun zarafin gangarowa daga wannan gaɓa zuwa waccan, sai dai ta yi ta tsalle, shi ne kake jin ta kamar ta yaro mai magana a gaban fanka. Wata mawaƙiyar Amurka, Cher, ta yi haka da gangan a 1998, duniya ta ɗauka. Ni dai ɗan dunƙulen miya nake ganinsa. Ɗaya ya isa tukunya, amma in aka zuba biyar, miyar kuka da ta kuɓewa duk baki ɗaya za su yi.

Yau kuma ko tulun ba ma ajiyewa. Da masu tura waƙa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ke cika maka memori kamar 'yan garuwa, yanzu famfo ne a tafin hannunka, ka murɗa ya zubo muddin da data. Sai dai famfon ya zo da nasa sharaɗin. A Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa talatin kafin a ƙirga ta, a TikTok kuwa ɗan yanki kawai ake gutsura. Don haka mawaƙi ya zama mai tsire, dole ya miƙo maka ɗanɗano mafi maiƙo tun kana tsaye, kafin ka wuce teburin gaba. Doguwar shimfiɗar da makaɗan da ke yi, kiɗa ya yi ta tafiya kafin uban waƙa ya buɗe baki, wa zai jira ta?

Amma a yi wa yaron nan adalci. Waƙoƙin da da muke taƙama da su, tsaba ce da shekaru suka riga suka sheƙe. A zamanin Ɗanƙwairo ma an yi tarkace buhu-buhu, iska ta kwashe ƙaiƙayin, ba wanda ya tuna sunansu. Na yau kuwa a masussuka muke tsaye, ƙura na shiga mana ido, sai mu ce bana ba a yi hatsi ba. Wanda ya ga yadda waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta shiga gidaje a 2020, lokacin kullen korona, matan aure na taka rawa a gaban mazajensu, ya san akwai tsaba a ciki. Aminu Ala ma da fiyano yake aiki, kuma ba mai cewa Hausarsa ba ta nuna ba. Sannan kunne ma da miyar gidansu. Abin da ka ji kana ɗan shekara sha bakwai, ran da ka fara zuwa zance, shi zai zame maka ma'auni har tsufa. Baba yana kewar Shata, gaskiya ne, amma rabin kewar ta ƙuruciyarsa ce.

Duk da haka in aka matsa mini, kaset zan zaɓa, shekarun 1970 da na 1980. Shata da Ɗanƙwairo da Ɗan Maraya Jos da kuntiginsa da Haruna Uji da Barmani Choge da ƙwaryarta duk suna kan ganiyarsu, a tire ɗaya da Fela da Bob Marley da waƙoƙin Indiya. Tukunyar tana da faɗi, talaka na iya sayenta, kuma ba ta san rufa wa kowa asiri ba: in kana da murya a ji, in babu ma a ji. Na sani, a lokacin ne ni ma na fara zuwa zance, sai ku rage wannan daga awon.

Kai kuma mai karatu, in akwai kwalin kaset a ƙarƙashin gadon mahaifinka, kada ka bari a haɗa shi da kayan gwangwan. Zafi da laima suna cin zaren nan a hankali. Nemi mai tsohuwar rikoda a juye maka su a memori tun suna magana.