Wuri: Dabbar Teku da Ta Zama Kuɗi

Mafi yawan waɗanda suka ga wuri a wuyan yaro ko a jikin ƙwaryar ado ba su san cewa gida ne na wata dabba mai rai ba, 'yar uwar katantanwa, wadda mazauninta yake nesa da mu ƙwarai, can cikin Tekun Indiya. Malaman ilmin halittu sun tattara dabbobin nan masu taushin jiki da ke fakewa cikin ɓawo a zuriya ɗaya, sa'an nan suka kasa su aji aji, manya daga cikinsu biyu ne. Na farko masu ɓawo guda a murɗe, suna da kai da ƙafa da wani harshe mai kaushi da suke kankarar abinci da shi. Na biyu masu ɓawo biyu da ke buɗewa da rufewa, irin ƙumbar bakin kogi. Su ba su da kai, sai dai su nutse cikin yashi ko su manne wa saiwar itatuwan gaɓa suna tace ruwa, kamar waɗanda matan Gambiya ke ɓamɓarowa don ci da sayarwa. Wuri yana cikin aji na farko, kuma Linayus, malamin nan na ƙasar Suwidin, shi ya shigar da shi cikin lissafin jinsuna a shekarar 1758.

Al'amarinsa abin tunani ne. Yana zaune a ruwa marar zurfi, inda teku ke cika tana janyewa, a ƙarƙashin duwatsun murjani da tsakanin ciyayin ruwa, yana ɓuya da rana, in dare ya yi ya fito yana kiwon gansakuka. Alhali kuwa yawancin katantanwa bayansu kan dushe ya yi kaushi, shi Allah Ya hore masa wata fata mai laushi wadda yake miƙowa daga gefe biyu har ta rufe ɓawon duka kamar mayafi, tana shafa masa sabon ruɓi a kai a kai, kuma daga nan ne santsinsa da ƙyallinsa suka samo asali. Idan ya balaga sai bakin ɓawon ya naɗe ciki, ya yi kauri, ya fitar da haƙora, girma ya tsaya. Ta haka ƙaguwa da kifi ke shan wuya kafin su kai ga namansa. Macen kuwa kan kwanta a kan ƙwanta tana tsaronsa har ya ƙyanƙyashe, sa'an nan igiyar ruwa ta kwashi 'ya'yan ta watsa su tsibiri tsibiri.

A ganina waɗannan sifofi ne suka ba shi sarautar kasuwa: ba ya ruɓewa, ba ya saurin fashewa, girmansa kusan ɗaya ne, maƙeri kuma ba ya iya ƙera jabunsa. A da, mutanen tsibiran Maldib sukan jefa rassan kwakwa cikin ruwa, dabbobin su hau su manne, a jawo su a shanya a kan yashi har naman ya ƙare. Ibn Baɗuɗa, wanda ya yi alƙalanci a can, ya ce ana ba da wuri 400,000 a dinari guda, amma da ya zo Mali da Gawo sai ya tarar 1,150 ne kacal a dinari. Dubi ribar da nisa ke haifarwa! A Kano kuwa, a 1851, Bature Barth ya samu ana canza riyal ɗaya a wuri 2,500, fatake kuma suna ƙirga manyan dukiya da keso, wato 20,000.

A nan ne bambancin jinsi, wanda jahili zai ɗauka gardamar malamai ce kawai, ya shiga aljihun talaka. Ban da farin wurin Maldib akwai ɗan uwansa, mai ɗan shuɗi shuɗi da zobe ruwan ɗorawa a bayansa, wanda ya yi yawa a gaɓar Zanzibar, ga arha. Tun daga wajen 1845 'yan kasuwar Jamus na birnin Hambug suka shiga loda shi a jirage suna saukewa a gaɓar Afirka ta Yamma, da kasuwanni suka karɓe shi sai wuri ya yi ambaliya, darajarsa ta yi ta faɗuwa, har ya zamana ladan ɗan dako a doguwar tafiya yana cinye kaso mai yawa na kuɗin da yake ɗauke da su. Gwamna Lugga ya hana shigowa da shi a 1904, amma an daɗe bayan haka ana sayen gishiri da daddawa da shi a kasuwannin ƙauye, domin ko anini ya yi wa irin wannan ciniki girma.