Yadda Ake Kallon Zanen Fensir na Karkara

Fensir ba shi da launi. Koren gona da jar ƙasa duk da baƙi-baƙi da farin takarda mai zane zai nuna su, shi ya sa kallon irin wannan aiki sai da natsuwa.

A ce mai zane ya zauna a bayan garin Ibeto, cikin ƙaramar hukumar Magama ta masarautar Kontagora, bayan an girbe dawa. Ga rumbuna biyu, ga kaɗanya, ga 'yar hanyar ƙafa ta ratsa tsakanin kunyoyi. A fara duba inda ya ajiye kaɗanyar. Ɗan koyo kan dasa ta a tsakiyar takarda, sai ido ya kafe a kanta ya kasa gaba. Gwani kuwa gefe yake janye ta, ya bar hanyar ta taso daga ƙasan takarda tana tsukewa, tana jan mai kallo har inda sama ta haɗu da ƙasa. Wurin da ya zauna ma yana da tasiri. Daga ƙasa, rumbu kan yi girma ya tare sama. Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, saman Dala ya hau a 1851 ya zana Kano, sai gari ya shimfiɗu a gabansa.

Batun nisa kuwa, hazon hunturu ya riga ya koya wa kowa: itacen kusa baƙi ne, na nesa dishi-dishi. A nan taurin fensir ke aiki. Tun 1795 Bafaranshe Nicolas-Jacques Conté ya fito da dabarar cakuɗa garin girafait da yumɓu a gasa. In yumɓu ya yi yawa, bakin fensir ya yi tauri, layinsa ya yi haske, shi ne mai alamar H. In ya yi kaɗan, sai laushi da baƙi, shi ne B. HB na 'yan makaranta yana tsakani. Don haka itatuwan nesa na 2H ne, duhun ƙarƙashin rumbu kuma na 6B.

Yanzu a matso da takardar kusa. Layukan jinka su bi kwanciyar ciyawa daga ƙololuwa zuwa baki. Na jikin rumbu su lanƙwasa, in ba haka ba zai fito a baje kamar allo. Ɓawon kaɗanya tsage-tsage ne, gajerun layuka masu kauri yake so. Inuwoyi duka su faɗi gefe guda, domin rana ɗaya ce, ɓangaren da take duka kuwa a bar shi fari, kada fensir ya taɓa shi.

Abin da ke ba ni takaici shi ne yawan murza zane da yatsa don ya yi sumul. Da an murza, jinka da laka da ɓawo duk sun koma toka-toka iri ɗaya, ba a ƙara bambance ciyawa da ƙasa.