Hunturu, Ɗari da Hazo: Kalmomin Sanyi da Ya Kamata a Koya wa Yaro a Aji

A watan Janairu, bayan an koma makaranta zango na biyu, ka tsaya a bakin wata firamare a Talata Mafara ko Bakura ko Maradun wajen ƙarfe bakwai da rabi na safe. Rana ta fito, amma ta yi fari kamar an liƙa faifai a sama, kana kallonta ido ba ya ƙwalla. Yara na tahowa hannu a hammata, wasu da suwaita a kan yunifom, wasu an naɗe su da zanen uwa, ƙafafu furu-furu, leɓe ya tsage. Kafin a kaɗa ƙararrawa duk sun jeru a jikin bangon da hantsi ya fara taɓawa. A shiga aji, malam ya buɗe littafin Turanci, ga hoton yaro da hular ulu yana mulmula dusar ƙanƙara, a ƙasa an rubuta "winter". Malam ya ce, "Winter shi ne hunturu." Yara su maimaita sau uku, a wuce shafi na gaba.

Wannan 'yar jimla tana damuna ƙwarai, don asara biyu ake yi da ita. Yaro bai fahimci sanyin Turai ba, tunda an ce masa irin namu ne. Nasa hunturun kuma, wanda yake ji a fatarsa a daidai wannan lokacin, ba a tsaya an ba shi sunayen abubuwan da ke cikinsa ba. Shawarar da nake ba malamai da iyaye ita ce a fara da na gida, a cika wa yaro baki da kalmomin Hausa na sanyi, sannan a ɗora masa na baƙi a kai.

Shekarar Bahaushe tana da nata rabon. Damina ta zo da ruwa, kaka ta biyo baya da girbi, hunturu ya shigo daga wajen ƙarshen Nuwamba ya kai Fabrairu, sai bazara da zafinta har ruwan farko ya sauka. Kalmar rani kuwa ta rufe duk tsawon lokacin da babu ruwan sama. Hunturu sunan lokacin ne, kuma sunan iskar da ke kawo shi. Iska ce busasshiya da ke tasowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara. Yawancin ƙurar da take ɗaukowa daga wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, sama da kilomita 1,000 daga Zamfara. A zamanin da can ƙasan wani babban tafki ne, ruwan ya ƙafe ya bar gari mai laushi, kuma masana na lissafa wurin cikin waɗanda suka fi ko'ina a duniya tayar da ƙura. Wani ɓangaren ƙurar yakan tsallake tekun Atlantika ya faɗa dajin Amazon a Kudancin Amurka. Ka gaya wa ɗan aji huɗu cewa farin garin da ya goge a kan bencinsa daga Chadi ya zo, ka ga yadda zai ƙara duba tafin hannunsa.

Me ya sa asuba ke da tsananin sanyi, azahar kuma a cire suwaita? Iskar ba ta da laima, sama ba gajimare, don haka zafin da ƙasa ta sha da rana yana tserewa da dare ba abin da zai tare shi. Da asuba a wannan yanki ma'aunin zafi kan sauka wajajen digiri 15 na Salshiyas, wata rana ƙasa da haka, da rana kuma ya haura 30.

Inda na fi so malam ya daɗe shi ne bambancin sanyi da ɗari, don yara da yawa suna ɗauka abu ɗaya ne. Sanyi kalma ce mai faɗi. Ruwan randa yana da sanyi, inuwar tsamiya tana da sanyi, bayan an ɗauke ruwan sama gari yakan yi sanyi. Ɗari kuwa busasshen sanyi ne mai iska, na hunturu, wanda ke ratsa riga ya sa mutum rawar ɗari, haƙora na haɗuwa. Gwaji mai sauƙi: malam ya tambayi aji, "Wa ya taɓa jin an ce a ba ni ruwan ɗari?" Za su yi dariya, kuma daga wannan dariyar sun riƙe bambancin. Daga nan sai a shiga kalmomin da ke ƙara wa magana armashi. Ruwa ya yi sanyi ƙarara. Ana muku-mukun sanyi. Yaro ya yi buɗu-buɗu da ƙura. Ya takure, ya ƙudundune cikin bargo. Manyan azuzuwa za su ji daɗin yadda kalmar sanyi ke fita daga yanayi ta shiga hali da zuciya: mai sanyin hali, jikinsa ya yi sanyi da ya ji labarin, gwiwarsa ta yi sanyi, ɗiya sanyin idon uwarta. Akwai kuma karin maganar nan da ake cewa da sanyin safiya ake kama fara. Darasin kimiyya ne a ɓoye, domin fara ba ta iya ɗumama jikinta da kanta, sai rana ta bugo ta take samun ƙarfin tashi.

Hazo ma yana buƙatar bayani. Namu na hunturu ƙura ce da ta tsaya a cikin iska, ita ke dishe rana, ta hana direba hango gaba a hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ta sa a soke tashin jirgin sama. Abin da ke rufe gari a Ingila da safe, wanda shi ma mukan fassara da hazo, tururin ruwa ne, in ka ratsa shi rigarka za ta jiƙe. Don yara su gani da idonsu, malam ya shafa ɗan mai a farar takarda ya ajiye a taga ranar Litinin, a ɗauko ta ranar Laraba. Takardar za ta gaya musu abin da suke shaƙa, kuma daga nan maganar rufe hanci da rufe abinci ba ta buƙatar bulala.

Sai kalmomin jiki: kaushi, faso a dunduniya, tsagewar leɓe, haɓo, mura, majina, atishawa, tari, dishewar murya. Maganinsu ma suna da suna, man kaɗanya da basilin da dutsen goge kaushi da ruwan ɗumi. A nan akwai tarko ɗaya da malami zai kiyaye. Kada ya ce wa yaro mai mura yana da "ciwon sanyi", domin a bakin jama'a wannan sunan wata cuta ce daban ta al'aura, kuma yaron zai kai maganar gida yadda ya ji ta. Kalmar da ba na so a tsallake ita ce sanƙarau. Cuta ce da ke yaɗuwa a rani, lokacin da ƙura da bushewar iska ke raunata hanci da maƙogwaro, kuma mutanen Zamfara ba su manta da annobar 2017 ba, wadda ta fi tsananta a wannan jiha. Sunan kansa yana ɗauke da alamar, wato wuya ya sanƙare, ga zazzaɓi mai zafi da ciwon kai. Yaron da ya san haka zai iya cewa, "Inna, ƙanena ba ya iya sunkuyar da kai, mu je asibiti."

Haka nan kalmomin jin ɗumi. Kowane yaro ya san wutar kara da ake kewayewa da asuba, wadda almajirai ke karatu a gefenta, ya san kasko da gawayi da garwashi da toka. A haɗa masa su da kalmar gobara, don iskar hunturu da busasshen danni da zana ba sa bai wa wuta wahala. A kuma gaya masa cewa gawayi a ɗakin da aka toshe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum cikin barci. Wajen tufafi kuwa, rigar sanyi, hular sanyi, safar hannu, mayafi, bargo, da gwadon da kakanni ke saƙawa, ina roƙon malamai abu ɗaya: kada a ce kowa ya ɗaga rigar sanyinsa a gani. A ajin akwai 'ya'yan da rashin tsaro ya koro daga ƙauyukansu, riga ɗaya gare su. Malam ya zo da kayan daga gida ya nuna, ko ya zana a allo.

Yaran ƙananan hukumomin Talata Mafara da Bakura da Maradun suna da wani gata da na wurare da yawa ba su da shi, wato madatsar ruwa ta Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato a ƙasar Maradun. An kammala ta a 1978, wani kamfanin Italiya mai suna Impresit ne ya gina ta, kuma filayen ban-ruwanta, kimanin hekta 23,000, sun ratsa Maradun da Talata Mafara da Bakura. A nan hunturu lokacin aiki ne. Alkama tana son sanyi, shi ya sa ake shuka ta daga Nuwamba zuwa farkon Disamba, a girbe wajen Maris. Wanda ya makara, zafin bazara ya riske ta tana fitar da kai, ƙwayar ta shanye. Tumatir da albasa ma sun fi yin kyau a wannan lokaci. Ga kalmomi nan birjik: noman rani, ban-ruwa, fadama, lambu, fangali, dashe, injin ban-ruwa. Ɗan manomi da ke zaune shiru a bayan aji, ranar da aka zo wannan darasi shi ne malami. Sai a ce, "Kai ɗan Alhaji, tashi ka faɗa mana yaushe babanku ke ba alkama ruwa." Wannan kaɗai ya isa ya nuna bambancinmu da Turai, inda a tsakiyar sanyi gonaki ke kwance, itatuwa sun zubar da ganye, dabbobi na ɗaki.

Idan an kafa wannan tushe, kalmomin baƙi ba za su yi wuya ba. Da farko yaro ya san cewa Turanci yana da sunan da yake kiran hunturunmu, "harmattan", kuma aro ne daga harshen mutanen Akan na Gana. Shi ne zai rubuta a jarrabawa idan an tambaye shi yanayin ƙasarsa. "Winter" kuwa na ƙasashen da ke nesa da tsakiyar duniya ne. Duniya a karkace take da kimanin digiri 23 da rabi, don haka a Disamba rabinta na arewa yana juya wa rana baya. A ranar 21 ko 22 ga Disamba, wuni a Landan bai cika awa 8 ba, alhali a Mafara ya haura awa 11. Fitila da lemo ɗaya da aka soke da tsinke sun isa a nuna wannan a aji. Da lemon nan kuma za a nuna dalilin da ya sa Afirka ta Kudu ke shan nata sanyin a Yuni da Yuli, lokacin da mu muke tsakiyar damina. 'Yan Islamiyya sun riga sun haɗu da kalmar Larabci ta lokacin sanyi, shita'i, a Suratu Ƙuraishi, inda aka ambaci tafiye-tafiyen fataucin Ƙuraishawa na sanyi da na zafi. Yana da kyau malam ya tuna musu.

Ƙanƙara tana rikita yara, don kalma ɗaya muke amfani da ita wajen abu uku. Akwai ta firji da masu sayar da zoɓo ke sakawa a kula. Akwai wadda ke faɗowa da hadari kamar tsakuwa, tana ƙwanƙwasa kwanon rufi, kuma wannan a damina take zuwa, ba a hunturu ba. Sai dusar ƙanƙara, wadda Turanci ke kira "snow", mai sauka a hankali kamar an sheƙe dusa daga sama. Wanda ya raɗa mata wannan suna ya iya Hausa. Ruwa ba ya daskarewa sai ma'auni ya kai sifili, abin da sanyinmu ba ya kaiwa. Amma kalmar daskarewa tana cikin kicin ɗin kowace uwa: manja da man shanu sukan daskare da asuba, a kai su hantsi su narke. Malama ta zo da kwalbar manja, yara su juya ta su ga ba ya zuba, a ajiye ta a rana har lokacin tara. An koyi daskarewa da narkewa ke nan. A ƙara musu da cewa dusar ƙanƙara na sauka a Afirka ma, a kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya da duwatsun Atlas na Maroko da ƙasar Lesoto.

Saura maganar karin harshe. Yaron Bakura zai ce hwaso, ya ce hwata, kamar yadda yake cewa Mahwara. In ka gaishe shi da "Ina ɗari?" yana iya amsawa da "Lokaci nai na." Littafin Hausa na makaranta da daidaitacciyar Hausa aka rubuta shi, can faso da fata da "lokacinsa ne" zai gani. Kada a ce masa ya yi kuskure. A rubuta biyun a allo gefe da gefe, a ce wannan namu ne na baki, wannan kuma shi ake rubutawa a jarrabawa. A ba su aikin gida su tambayi kakanninsu wasu sunayen iska da hazo da sanyi da ba su cikin littafi, su kawo a rubuta.

Abin da ya rage kwali ne babba a liƙa a bangon aji, a ja layin kwanakin wata. Kowace safiya yaro ɗaya ya fita ya dubi sama, ya dawo ya rubuta kalma ɗaya ta Hausa a gaban ranar, ɗari ko hazo ko iska ko garau, ta Turanci kuma a gefenta idan an riga an koya. Wajen ƙarshen Fabrairu yaran da kansu za su lura kalmar ɗari ta daina fitowa a kwalin, wani ya zo ya tambayi malam yadda ake rubuta zufa.