Yadda ake haɗa akwatin kyauta da takarda zalla a Japan, ba gam ba almakashi

A ƙasar Japan, abin da aka naɗe kyauta da shi na da daraja kusan kamar kyautar kanta. Tun zamanin mayaƙan Samurai akwai ƙa'idar da ake kira origata, wadda ta tsara yadda za a ninke takarda gwargwadon abin da za a bayar da matsayin wanda za a ba. Daga wannan al'ada da sana'ar ninke takarda, wato origami, aka samu ƙananan akwatunan da ake zuba alawa ko zobe a ciki a miƙa wa mutum.

Ɗaya daga cikin na gargajiya shi ne masu, wanda ya ari sunan mudun katako da Japanawa ke auna shinkafa da shi. Takarda ɗaya mai faɗin santimita 15 a kowane gefe na bayar da akwati mai faɗin santimita biyar da ɗoriya. Sai dai siffarsa ɗaya ce, ado kuma ba ya wuce wanda ke jikin takardar.

Matar da ta sauya sana'ar

Tomoko Fuse, wadda aka haifa a 1951 a Niigata, ta fara ninke takarda ne tana ƙarama lokacin da take kwance a asibiti. Ita ce ta fi kowa shahara a salon haɗa gutsattsari, inda ake ninke takardu da dama iri ɗaya sannan a sarƙa su. Ta wallafa littattafai fiye da 60, ciki har da Origami Boxes da ya fito da Turanci a 1989.

Dabarar ta girme ta. Wani littafi na 1734 ya nuna hoton akwatin takarda mai suna tamatebako, sannan gutsuren da ke ɗauke da sunan Mitsunobu Sonobe ya yaɗu tun ƙarshen shekarun 1960. Abin da Fuse ta ƙara shi ne mayar da dabarar akwatin da ake buɗewa a rufe, mai kusurwa uku, huɗu, shida ko takwas.

Akwati mai kusurwa huɗu yakan ci takarda takwas, huɗu na gindi, huɗu na murfi. Kowane gutsure na da harshe da aljihu. Harshen na farko ya shiga aljihun na biyu, haka har na huɗu ya koma cikin na farko. Matsin da kowanne ke yi wa ɗan'uwansa ne ke riƙe akwatin. Shi ya sa kuskuren milimita ɗaya a ninki kan sa murfi ya ƙi zama. Idan kuma aka gauraya takarda mai zane da marar zane, sai tauraro ko fure ya fito a saman murfin.

Barazanar da takardar ke fuskanta

Takardar da aka fi so ita ce chiyogami, mai zanen furanni da tsuntsaye irin na tufafin kimono, wadda aka fara bugawa da hatimin katako a zamanin Edo. Mai kyaunta ana buga ta ne a kan washi, takardar hannu da ake yi da ɓawon bishiyar kozo. Zarenta dogaye ne, don haka tana jure ninki ba ta tsagewa.

A 2014 hukumar UNESCO ta sanya sana'ar washi cikin kayan gadon duniya, amma masu yin ta na ƙarewa. A farkon ƙarni na 20 gidaje dubun-dubata ne ke sana'ar, yau sun koma 'yan ɗaruruwa, akasarinsu tsofaffi.

Akwai kuma matsalar tororo-aoi, wani tsiro dangin kuɓewa. Yauƙin saiwarsa ne ke hana zaren dunƙulewa a cikin ruwa lokacin yin takardar. A 2019 an ruwaito cewa manomansa a yankin Ibaraki, inda ake samun mafi yawansa, na shirin daina nomansa saboda tsufa da wahalar aikin.

Takardar inji mai araha ta cika shaguna, kuma da ita ko da takardar kalanda mai koyo zai iya haɗa akwatinsa na farko. Amma idan masu yin washi da manoman tororo-aoi ba su samu magada ba, zanen chiyogami zai saura ne a kan takardar inji kawai.