"Indomin" Mota: Shin Sauya Salansa Na Ƙara Wa Mota Gudu?

Idan ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ji bakanike na cewa "indomin motar nan ya mutu", kada ka ɗauka zancen karin kumallo ake yi. Wata tukunyar ƙarfe yake nufi, wadda ke jikin bututun salansa, tsakanin inji da bayan mota. Turawa na kiranta katalitik konbata. Masu gyaran motocinmu kuwa, da suka fasa ta suka ga cikinta duk ƙananan ramuka ne a jere kamar busasshiyar taliyar Indomie, sai suka raɗa mata wannan suna, kuma sunan ya bi ta.

A majalisar samari masu son mota akwai wata magana da ta zama kamar karatu: wai indomi shaƙe mota yake yi. A cire shi, ko a ɗauko na babbar mota a ɗaura wa ƙarama, a haɗa da bututu mai faɗi, sai ka ga mota tana tashi kamar tsuntsu. Da yawa daga cikinku kuna zuwa gareji koyon aiki bayan an tashi daga makaranta, wasu kuma ku ake aika wa da motar gida wurin gyara. Ko ba jima ko ba daɗe za ku ji wannan magana, don haka gara ku san abin da ke cikin tukunyar kafin a ce ku miƙo zarto.

Darasin Kemistiri a ƙarƙashin mota

Da a ce fetur na ƙonewa tsaf a cikin inji, da tururin ruwa da iskar kabon dayoksaid kawai za su fito. Amma ba ya ƙonewa tsaf. Akwai ragowar man da bai ƙone ba, akwai sinadaran naitirojin oksaid da tsananin zafin inji ke haifarwa, sannan ga uwa uba, kabon monoksaid. Wannan ta ƙarshe ita ce iskar da ke hallaka iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareta a cikin gida. Ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jinin mutum ya fi riƙe ta a kan iskar oksijin fiye da sau 200.

Cikin indomi wani farin dutse ne irin na tangaran, mai siffar saƙar zuma. A kowane inci ɗaya murabba'i akan samu ramuka 400 zuwa 600. An shafe bangon ramukan da ƙarafa uku masu daraja: filatinam, faladiyam da rodiyam. 'Yan ajin kimiyya za su tuna da abin da malamin Kemistiri ke kira katalis, wato sinadarin da ke hanzarta haɗuwar wasu sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. To aikin waɗannan ƙarafa ke nan. Hayaƙi na ratsa ramukan, kabon monoksaid da ragowar mai su ƙarasa ƙonewa, naitirojin oksaid kuma ya rabu ya koma naitirojin, wadda dama ita ce kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa. Indomi mai lafiya na rage waɗannan gubobi uku da sama da kashi 90 cikin 100. Sai dai da sharaɗi: ba ya fara aiki sai ya ɗauki zafin da ya kai wajen digiri 300 a ma'aunin Salshiyos. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wani injiniya ɗan asalin Faransa da ya koma Amurka, Eugene Houdry, shi ya fara ƙera na'urar a shekarun 1950. Ba ta karɓu ba a lokacin, domin fetur ɗin wancan zamani na ɗauke da dalma, ita kuwa dalma lulluɓe ƙarafan take yi su daina aiki. Sai bayan da Amurka ta tsaurara dokar tsaftar iska a 1970 ne kamfanoni suka fara saka ta a yawancin sababbin motoci daga 1975. Turai ta bi sahu a farkon shekarun 1990. Shi ya sa motocin Beljiyam da ake shigo mana da su kusan duk da indominsu suke zuwa. Fetur mai dalma kuwa sai a 2021 aka daina sayar da shi ga motoci a duniya baki ɗaya, Aljeriya ce ta ƙarshe.

Kowace mota da takalminta

Abin da masu sauye-sauye ke mantawa shi ne, salansa ba bututu kawai ba ce. Motar zamani na da ƙwaƙwalwa, wata ƙaramar kwamfuta da ke auna yawan man da za a fesa wa inji. Burinta kullum ta haɗa giram 14.7 na iska da giram ɗaya na fetur, domin a wannan ma'auni ne indomi ke iya cin gubobin nan uku a lokaci guda. Ta yaya take sanin ta dace? Akwai sensa guda kafin indomi, wadda ke shinshina hayaƙi tana faɗa wa ƙwaƙwalwa ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan. Akwai wata kuma bayan indomi, wadda ke duba ko tukunyar na yin aikinta.

Yanzu a ce an yanke indomi an saka bututu zalla. Sensar baya za ta ga hayaƙin da ya shiga shi ne ya fito, sai fitilar nan mai hoton inji ta kama a gaban direba. In aka sa na'urar binciken mota, lambar da akan gani ita ce P0420. Wannan ma da sauƙi. Babbar matsala ita ce walda. In mai walda ya bar ɗan rami kusa da sensar gaba, iskar waje za ta riƙa kutsawa, sensar ta ɗauka man ne ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara fesa mai. Wanda ya je neman gudu sai ya dawo da motar da ke shan mai kamar ramin kura, a wannan zamani da kowa ya san kuɗin lita.

Ɗauko na wata mota ma ba tsira ba ne. An auna girman kowane indomi ne daidai da hayaƙin da injinsa ke fitarwa. Wanda aka yi wa Corolla mai injin lita 1.8, in aka ɗaura shi a mota mai silinda shida da lita 3.5, hayaƙi zai fi ƙarfinsa, ya yi zafi fiye da kima, har dutsen cikinsa ya narke ya toshe hanya. In kuma aka juya, aka ɗaura babba a ƙaramin inji, sai ya daɗe bai kai digiri 300 ɗin nan ba. Daga gida zuwa makaranta a dawo, ƙila bai ma fara aiki ba an kashe mota. Haka nan in aka matsar da shi can nesa da inji don ya samu wurin zama. Na motar dizal kuwa aikinsa daban ne, bai dace da motar fetur ba ko kaɗan. Hatta mota iri ɗaya, shekara ɗaya, wadda aka ƙera don kasuwar Amurka da wadda aka ƙera don Turai, sau da yawa salansarsu ba ɗaya ba ce.

Bututu mai faɗi fa? Ku tuna da tiyon ban ruwa. In ka matse bakinsa ruwa na fita da gudu, in ka sake shi sai ya riƙa zuba a hankali. Hayaƙi ba a miƙe yake fita daga inji ba, tari-tari yake fita, kowace silinda da nata. Tarin da ya wuce da gudu yana barin wuri a bayansa, wanda ke zuƙo na gaba. In bututu ya yi faɗi da yawa, hayaƙin sai ya yi nawa, wannan zuƙar ta ragu, inji ya rasa ƙarfi a lokacin da yake juyawa a hankali. Wato daidai lokacin tashi daga tsaye, da cunkoson hanya, da hawan gada da fasinja cike, inda motocinmu ke yin yawancin rayuwarsu.

A yi adalci: masu tseren motoci na sauya salansa kuma suna samun ƙarin ƙarfi, musamman a injin da ke da tabo. Amma su sukan sa indomi na musamman mai manyan ramuka, 100 ko 200 a inci, su sake saita ƙwaƙwalwar motar, su gwada ta a kan na'urar auna ƙarfi, kuma injinsu kullum a ƙure yake gudu. A motar gida mai lafiyayyen indomi, abin da za a samu bai wuce ƙarfin doki kaɗan ba, wanda direba ba zai ji a jikinsa ba. Abin da zai ji shi ne ƙara. A ganina rabin labarin nan kunne ne ke yaudarar ƙafa: mota na ruri, sai mutum ya ɗauka gudu take yi.

To amma ai akwai waɗanda za su rantse cewa da aka cire musu, motar ta warware. Gaskiya suka faɗa. Indominsu ya riga ya toshe ne. Alamominsa sanannu ne: a taka totur mota ta ƙi ja, a ji kacau-kacau a ƙarƙashinta, wani lokaci da wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Sai dai indomi ba kasafai yake mutuwa haka kawai ba, kashe shi ake yi. Fulogi ne ya lalace ɗanyen mai ke tafiya yana ƙonewa a cikinsa, ko inji na shan baƙin mai, ko ruwan lagireto na zuba cikin silinda, ko gurɓataccen fetur. In ba a gyara wannan ba, ko sabo fil aka saka, shi ma haka zai bi ɗan uwansa.

Wa ke tafiya da tsohon?

A nan ne zancen ya koma na kuɗi. Ƙarafan da ke cikin indomi 'yan giram ne, amma tsadarsu ta wuce tunani. A watan Maris na 2021 farashin oza ɗaya na rodiyam, wato kimanin giram 31, ya kusa dala 29,000, ya ninka na zinare fiye da sau goma. Mafi yawan rodiyam da filatinam na duniya daga Afirka ta Kudu ake haƙo su. A wancan lokaci ɓarayi a Ingila da Amurka sun addabi masu motoci, suna shiga ƙarƙashin mota da zarton lantarki su yanke indomi cikin 'yan mintuna. Toyota Prius na cikin waɗanda suka fi shan wahala.

A nan gida ba sai an shiga ƙarƙashin mota da dare ba. Ko mataccen indomi na da masu saye, domin ƙarafan na nan a jikinsa. Mafi yawan bakanikai mutanen kirki ne masu cin guminsu, amma duk wanda ya ce wa mahaifinka "Alhaji, a cire wannan abin kawai, ba shi da amfani", ya kamata a tambaye shi ina tsohon zai tafi. In dole sai an sauya, a sa na'ura a tabbatar da ciwon tukuna, a sayi wanda ya dace ta hanyar lambar jikin motar mai haruffa da alƙaluma 17, sannan a saka tsohon a but a tafi da shi gida.

In kuma motar hannu za a saya a gidanku, ga abin da kai ma za ka iya dubawa. Ka leƙa ƙarƙashinta inji na sanyi, ka ga ko akwai sabuwar walda a jikin tukunyar, domin wasu kan tsaga ta su kwashe dutsen su mayar da fanko. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilar nan mai hoton inji dole ta kama tare da sauran, ta mutu bayan an tayar. In ba ta kama ba sam, akwai yiwuwar wani ya cire ƙwanta ko ya liƙe ta don kada ta tona asiri.