Dajin Nono Wanda Ba Ya Fitar Da Ƙullutu

Galibin abin da ake koya wa ɗaliban aikin jinya game da ciwon dajin nono ya ta'allaƙa ne a kan ƙullutu, watau a shafa, a lalubo shi, a tura mai shi wurin likita. Koyarwar daidai ce, amma ba ta cika ba, domin akwai wani irin wannan ciwo da sau da yawa ba ya fitar da ƙullutu ko kaɗan, alhali yana cikin mafi saurin yaɗuwa.

Likitoci na kiransa dajin nono mai kumburi, sunan da Lee da Tannenbaum suka ba shi a Amurka cikin 1924. A can bai wuce kashi 1 zuwa 5 cikin ɗari na dajin nono ba. Ƙwayoyinsa kan toshe ƙananan magudanan ruwan jiki da ke cikin fata, sai nono ya kumbura cikin 'yan makonni, ya yi nauyi da zafi, fatar ta yi kauri da ƙananan ramuka kamar ɓawon lemo. Kan nono na iya shigewa ciki, kaluluwa ta fito a hammata.

Littattafan Turai sun ce fatar takan yi ja. Ɗalibar da ta haddace wannan a Sakkwato za ta yi ta neman jan da ba za ta gani ba, don a jikin baƙar fata wurin duhu yake ƙarawa. Saboda haka wajibi ne malami ya koya mata gwada nonon biyu, ta duba girma, ta taɓa ta ji ɗumi da kaurin fata.

Babban haɗarin shi ne kamarsa da kumburin nonon mai shayarwa, wanda ma'aikaciyar jinya a Kware ko Boɗinga ta saba gani. Sai a ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sallami mace. Ƙa'idar ita ce, in an yi kwana 7 zuwa 10 ana shan magani babu sauƙi, ko kuwa matar ba ta shayarwa, to, a tura ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a yanki ɗan naman wurin a auna. Kada a bari wanzami ya yi masa sakiya, babu mugunyar da za ta fito.

Akwai kuma wanda Sir James Paget ya bayyana a Ingila cikin 1874. Shi yakan fara da ƙaiƙayi da ɓamɓaroki a kan nono guda, a yi ta shafa man ƙyasbi a banza.

Sanin alamu kuwa ba ya isa in kunya ta hana mace buɗe ƙirji, ko in danginta sun riƙe cewa daji ba ya son ƙarfe. Lalle ne a koya wa ɗaliba yadda za ta keɓe da ita, ta ce mata Inna ko Yaya gwargwadon shekarunta, ta bayyana mata cewa a mai kumburi da magani ake farawa, tiyata da gashi sai daga baya, kana ta rubuta ranar dawowarta, ta kuma bi sawu in ba ta zo ba.